Bangon Majami'armu da Azumin Inna

Majami'ar ƙauyenmu ba ta da hoton saye ko ɗaya. Ginin ƙasa ce mai rufin kwano, can bayan Kafur inda mota ba ta shiga da damina, kuma duk abin kallon da ke cikinta bango ɗaya ne, wanda ke bayan bagade, wato teburin sujada. Wannan bangon na mahaifiyata ne. Babu wanda ya naɗa ta a kansa. Wata gwaggonta ce ta fara yi masa zane, da hannun gwaggon ya soma rawa sai ita ta karɓa, mu kuwa muka buɗe ido muka tarar da ita tana yi.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, in ranar tana cikin nishaɗi ta ce "ke wannan". Ni ina kiran ta Inna. Mun yi kama a fuska, amma a hali kowa da hanyarsa. Ita mace ce da za ta yini ba ta yi magana goma ba, ni kuwa tun ina ƙarama aka san bakina ba ya ajiya, zuciyata kuma a kusa take.

Yawancin manyan garinmu ba su yi boko ba, kuma Fada, wato limaminmu, ba ya zuwa daga Malumfashi sai jefi-jefi. Katikis ne, wato malamin da ke jan mu sujada, yake riƙe da mu sauran ranakun. Shi yana da littafi da ke gaya masa lokacin da ikilisiya take ciki. Sauran jama'a bango suke dubawa. Da mutum ya cire takalmi ya shigo, launin da ya tarar a gabansa shi zai gaya masa ko lokacin jira ne, ko na kuka, ko na murna, tun kafin a buɗe baki da waƙa.

Idan an gama yankan dawa ana cirar auduga, lokacin jiran haihuwar Almasihu ya kama. Launinsa shunayya ne, ƙasarmu kuwa ba ta da shunayya, sai Inna ta kwaɓa jar ƙasa da bular wanki da ruwan ƙaro don ya kama bango. Hannunta yakan yi kwanaki kamar na mai rini. A kan shunayyar takan zana ƙofar zaure a ɗan buɗe, babu kowa a bakinta. Ana gobe Kirsimeti kowane gida zai kawo dunƙulen auduga daga gonarsa, ita kuma ta manna su da ƙaro ta fitar da tauraro babba, a ƙarƙashinsa jariri kwance cikin komi irin wanda muke zuba wa awaki dusa. Jaririn baƙi ne kamar kowane jaririn garin, har da kwalli a idonsa.

Kore ne ya fi ba ta wahala, don shi ne ya fi daɗewa a bango, tun daga bayan shuka har kaka. Ganyen wake take dakawa ta tace, ta zana karan dawa jere a tsaye. Ba ya zama. Kafin a kai girbi ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma a lokacin gonakin ma haka suka koma, don haka babu mai ƙorafi. Na Fentikos kuwa, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, jan bango da harsunan wuta, na taɓa ce mata tattasai ta zana, wa zai kawo albasa mu haɗa miya. Ta jefe ni da jiƙaƙƙen tsumma a gaban matan zumuntar majami'a, kuma ba ta kuskure ni ba.

Ta yi ƙoƙarin koya mini, ba ta ɓoye mini komai ba. Hannuna ne ya ƙi. In na zana tinkiya sai a tambaye ni ko jaki ne. Daga baya ta haƙura ta bar mini ɗibar ruwa da tankaɗen ƙasa, ni ma na ji daɗin hakan.

Babban aikinta na bazara ne. Ranar Larabar Toka, wadda azumi ke farawa, takan ƙona karan dawa ta tankaɗe tokar, a shafa wa kowa a goshi, abin da ya rage ta kwaɓa ta shafe bangon gaba ɗaya. Babu ado, sai gicciye siriri da ta ja da yatsa biyu. Daga ranar babu nama a tukunyar kowa, babu mai a miya, mata ba sa ɗaura ɗankwali mai haske, kuma ba a furta Halleluya ko a waƙar niƙa. Ran Jumma'a Mai Kyau, ranar tuna gicciye Almasihu, sai ta ƙara garin gawayi a cikin tokar ta shafe har gicciyen, bango ya koma duhu sosai, babu abin da ido zai riƙe. Asabar tun da safe ita da mata biyu ko uku su rufe ƙofa su shiga aiki da farar ƙasa. Ba a barin kowa ya leƙa.

Safiyar Ista, idin tashin Almasihu daga matattu, kowa zai tsaya a waje har sai an taru, sannan katikis ya buɗe ƙofa. Farin bangon yakan daki ido har mutum ya runtsa. A tsakiyarsa kabari a buɗe, amma da yake Inna ba ta taɓa ganin kabarin da aka sassaƙa cikin dutse ba, rumbu take zanawa, an ture murfinsa gefe, haske na fita daga bakinsa. Wani Fada da ya fara gani ya yi dariya har da hawaye, ya ce kada a taɓa canza shi. Sai mata su ɗauki guɗa, a kece da Halleluya, daga nan kowa ya ruga gida wajen tukunya. A garinmu ba a karya azumi sai an ga fari a bango. Babu littafin da ya ce haka, mu dai haka muka tashi muka gani.

Na yi karatu na zama malamar firamare a Malumfashi, na kama hayar ɗaki ciki da falo, amma duk hutun Ista gida nake komawa. Babanmu ya riga ya rasu, ƙannena kowa ya kama gabansa, Inna ce kaɗai a gidan sai ƙanenta, Kawu, a gidan da ke jikin namu. Maganar 'yan bindiga muna jin ta, kullum tana matsowa. Yau a ce sun kora shanun wata ruga, gobe a ce sun ɗauki mutane a gona. Muna ta cewa ai mu ba mu da abin ɗauka.

A wata Jumma'a Mai Kyau, mun fito sujadar rana ke nan, Inna ko hannu ba ta gama wankewa daga gawayi ba, sai ga mutanen ƙauyen da ke hayin rafi, maƙwabtanmu Musulmi, suna shigowa a guje da yara a kafaɗa. Sun ce an shiga musu da rana tsaka a kan babura, an kashe waɗanda aka kashe, an tafi da waɗanda aka tafi da su, kuma an ce mu ne na gaba. Babu wanda ya tsaya shawara. Na ɗaura wa Inna ƙullin kayanta, na ja hannunta. Farar ƙasar da ta jiƙa don aikin gobe tana cikin kwatanniya a bakin majami'a, muka wuce ta a nan. Ta waiwaya ta ce, "Ke, ban rufe ƙasar ba, kaji za su shiga." Na daka mata tsawa a gaban mutane, na ce kajin su cinye, mu dai mu tsira da ranmu.

Muka kwana a Kafur, washegari muka ƙarasa Malumfashi. Ranar Lahadi na kai ta babbar majami'ar gari, inda aka rataye manyan hotuna da aka bugo da inji, fari da ruwan zinariya, ga furannin roba. An yi Halleluya har ginin na amsawa. Inna ta tsaya inda ake tsayawa, ta durƙusa inda ake durƙusawa, amma bakinta a rufe. Da muka dawo maƙwabciyata ta aiko mana da shinkafa da naman kaza, don ta san yadda muka zo. Inna ta yi godiya, ta tsame shinkafar gefen da miya ba ta taɓa ba ta ci. Na ɗauka firgici ne, na ce a raina zai wuce.

Bai wuce ba. Mako ya bi mako tana tsame nama tana ajiye mini a murfin kwano. In na sa mai a miya sai ta dama kunu ta sha. Ɗankwalinta guda ɗaya ne, wani mai ruwan toka da ya ƙoshi da wanki, alhali ga sababbi na saya mata suna ninke a akwati. Wata rana na kasa daurewa na tambaye ta.

"Inna, wai me kike yi haka? Ista ta wuce tun yaushe, har an yi Fentikos."

"A nan ta wuce," in ji ta.

"A can fa?"

"Ke ma kin san yadda na bar bangon."

Sai a lokacin na gane. A wurinta garinmu yana nan tsaye a Jumma'a Mai Kyau, kuma ita ce ta tsayar da shi a nan da hannunta, ta gudu ba ta fitar da shi ba. Muddin bangon yana baƙi, ba ta ga yadda za ta kai nama baki ba.

Na yi faɗa, Allah ya sani na yi. Na ce Almasihu bai jira kwatanniyarta ba kafin ya tashi. Na ce katikis ɗin da kansa na gan shi a tasha yana cin tsire, ko ta fi shi sanin addini ne? Na ce mutanen garinmu sun watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu Kaduna, kowa na neman abin da zai sa a bakinsa, babu mai tunanin wani bango sai ita. Duk ta saurara, kanta a ƙasa, tana tsince tsakuwa daga wake. Da na gaji ta ce, "Ban hana kowa ba."

Na kai ƙararta wurin Fadan majami'ar gari, mutum mai haƙuri, ya zo har gida ya zauna a tabarma kusa da ita. Ya yi mata bayani a hankali, cewa idin na dukan duniya ne, ba ya rataye a kan ginin wani ƙauye, kuma Ubangiji ba ya son ta cutar da jikinta. Ta ce, "Gaskiya ne, Fada. Na gode, Fada." Ta raka shi har bakin ƙofa. Da yamma ta tsame naman ta ajiye mini kamar kullum.

Akwai wata Hajiya, ƙawarta tun suna 'yan mata, daga ƙauyen nan na hayin rafi. Tare suke zuwa haƙar farar ƙasa, ita don shafen ɗakinta, Inna don majami'a. Ita ma gudun ya kawo ta Malumfashi, tana suyar ƙosai a bakin wata makaranta, kuma ɗanta na cikin waɗanda aka tafi da su ba a sake jin labarinsu ba. Takan zo da la'asar ta zauna, su yi shiru tare. Ita ce kaɗai mai iya tsokanar Inna.

"Ke 'yar'uwa, wane irin azumi ne wannan da ba shi da ganin wata? Mu namu ko talatin ne a sha ruwa a yi salla. Ko so kike ki shige gabanmu a lada?"

Inna ta ɗan murmusa ta ce, "Hajiya, watan nawa yana can, ni ina nan. Ta ina zan gan shi?"

"To Allah ya buɗe hanya."

"Amin."

Hajiya ta juyo ta ce da ni, "'Yata, ki bar ta. Kowa da abin da ya baro a can." Na san abin da ita ta baro.

Na gwada wata dabara. Na ce ga bangon falona, ta shafe shi fari ta zana rumbunta, in gayyato 'yan garinmu da ke kusa su zo su gani, a yi guɗa, a wuce wurin. Na roƙi mai gidan hayar ya yarda. Ta tashi ta shafa bangon da tafin hannu, siminti ne da fenti mai santsi. Ta ce ƙasa ba za ta kama ba, kuma ko ta kama, wannan bangon bai taɓa shan toka ba, daga me za a fitar da shi? Na zauna na yi kuka don takaici, ita kuma ta koma tsintar wakenta.

A majami'ar gari lokuta na ta juyawa. Matasa su hau tsani su sauke hoton shunayya su rataye fari, su sauke fari su rataye kore, kafin a gama share ƙasa sun gama. Hotunan na da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba, ko da yake Yesun cikinsu gashinsa ya fi na amarya sheƙi. Inna takan ɗaga kai ta kalle su sau ɗaya in an canza, kamar mai duba rana don sanin lokaci, sannan ta mayar da idonta ƙasa. Hannunta da ya saba da kwaɓi ya zama ba shi da aiki. Wani lokaci ina ganin ta tana jan yatsa biyu a kan cinyarta ba tare da ta sani ba.

Damina biyu suka wuce a haka. Ta rame har zoben hannunta ya daina zama, in ta tashi tsaye sai ta dafa bango. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka rubuta magani, aka ce ta riƙa cin hanta da ƙwai. Ta sha maganin. Na soma saka mata romon ƙashi a miyar kuka a ɓoye, loma ɗaya ta yi ta ajiye, ta kalle ni. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga abin da nake yi wa kallon taurin kai zai iya raba ni da uwata.

A bazara ta uku aka ce an yi sulhu a yankinmu. Mutane suka fara satar jiki suna shiga da safe su share gona su fito kafin la'asar. Kawu ya je sau biyu a kan babur ɗinsa ya dawo lafiya. Ya ce garin babu kowa, an kwashe kwanon rufin majami'a da ƙofarta, amma katangun na tsaye. Inna ba ta roƙi kowa ba. Ta dai fara tankaɗe wata farar ƙasa da Hajiya ta samo mata daga wajen masu kawowa kasuwa, tana ƙullawa a buhu. Ni da nake ta rantsuwa ba za ta taka wannan hanyar ba, ni ce na je na sami Kawu na ce ya nemo babur na biyu. Na ga in ban kai ta ba, a ɗakina za ta ƙare.

Ranar Asabar ta kafin Ista muka kama hanya da sassafe, ita a bayan Kawu da buhun ƙasa a cinyarta, ni a bayan wani ɗan garinmu da jarkoki biyu na ruwa, don an ce rijiyar ta lalace. Bayan Kafur hanya ta yi tsit. Gonakin da na sani da suna duk sun zama saura, geza ta rufe kunyoyi. Ba mu haɗu da kowa ba sai wani tsoho a kan keke, wanda ya sauka ya shige daji da ya ji ƙarar baburanmu.

Gidanmu ban shiga ba, ita ma ba ta ko kalli wajen ba. Kai tsaye majami'a ta nufa. Rana na faɗowa ciki tunda babu rufi, an ƙone bencina a tsakiyar ɗakin, ga kashin shanu ko'ina. Bangon yana nan. Ruwan damina biyu ya yi masa zane-zane daga sama zuwa ƙasa, wani wurin ya zaftare har ana ganin launukan shekarun baya a ƙarƙashi, amma yawancinsa baƙi ne yadda ta bar shi. Ta tsaya ta kalle shi na ɗan lokaci, sannan ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi ta ce, "Ke, zuba ruwa."

Ban taɓa ganin ta yi aiki irin na ranar ba. Matar da ba ta iya tashi sai da dafa bango, ta hau kan bagaden ƙasa tana miƙa tsintsiya har sama. Ta cike wuraren da suka zaftare da hannu, ta bi da shafe na farko, baƙin ya ɓullo ta ciki, ta jira zafin rana ya busar ta sake bi. Ni ina kwaɓawa ina miƙa mata, kunnena na waje. Kawu yana bakin ƙofa bai ɗauke idonsa daga hanya ba, lokaci-lokaci ya ce, "Yaya, rana fa tana yi." Ita dai aikinta take. Da farin ya kama, ta jiƙa jar ƙasa daga gindin katanga ta zana rumbun da gashin kaza da ta zo da shi, ta ture murfin gefe, ta ja hasken da yatsu. Ya fi duk wanda ta taɓa yi kyau, ko kuwa ni ce na daɗe ban gani ba.

Ta sauko ta ja da baya har tsakiyar ɗakin, ta tsaya cikin tokar bencina tana kallo. Na jira in ga fuskarta ta saki. Ta juya ta kalli wurin da matan zumunta ke zama, ta kalli ɓangaren maza, ta kalli inda ƙofa take a da. Wata akuya da ba mu san mai ita ba ta leƙo ta koma. Inna ta wanke hannunta da sauran ruwan jarka ta ce mu tafi.

A hanya ni dai murna nake. Da muka iso na sayi zakara babba, na kira Hajiya na ce gobe ta zo a ci tare, na fito da sabon ɗankwali mai ruwan ƙwai na ajiye mata a kan gado. Ranar Lahadi ta fito da tsohon ɗankwalinta, na ce a raina wataƙila mantuwa ce. A majami'a na kasa kunne lokacin Halleluya, ban ji muryarta ba, na ce wataƙila gajiya ce. Muka dawo na zuba abinci, na zaɓo mata cinya da hanta na ajiye a gabanta. Hajiya ta yi bisimilla ta ce, "To 'yar'uwa, an ga wata, a sha ruwa."

Inna ta kalli kwanon ba ta taɓa ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, me kuma ya rage? Mun sa ranmu a hannu mun je. Da idona na ga farin, Kawu ya gani. Me kike so in yi miki kuma?"

Da ta tashi magana ba ni ta kalla ba, Hajiya ta kalla.

"Hajiya, ban kyauta ba. Ƙarya na sa bangon nan ya yi. Duk wanda ya wuce ya leƙa zai ce masu garin nan suna biki. Ina masu garin? Da na tsaya na duba bayana, babu ko mutum ɗaya da zan ce wa ya tashi ya amsa mini. Tokar da na tarar ita ce daidai da garin, ni kuma na je na rufe ta."

Hajiya ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, na ga kafaɗunta na motsi. Na so in ce wa Inna ba haka ba ne, na duba ban sami ta inda zan fara ba. Zakaran nan maƙwabta na rabawa.

Bayan kwanaki Inna ta tambayi Kawu yaushe zai sake shiga, tana so ta bi shi. Kafin ya sa rana sulhun ya watse, aka tare masu sharar gona a kan hanyar da muka bi, kowa ya janye ƙafarsa. Ta ci gaba da ɗaura ɗankwalinta mai ruwan toka, ni kuma na daina faɗa, don faɗan ya ƙare mini. Na koyi yin miya ba mai yadda za ta yi daɗi, iyakar abin da na iya yi mata ke nan.

Da kaka ta kwanta ciwo, ba ta ƙara tashi ba. Fada ya zo ya yi mata addu'a, Hajiya tana zuwa kullum bayan ta tashi daga suya. Wata safiya ina goge mata fuska ta kama hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Ke wannan, in hanya ta buɗe, ki je da toka."

Na ce to. A Malumfashi muka binne ta, kuma hanyar ba ta buɗe ba har yau.